Amsa: Yaushe ɗan wasan besbol yake samun lokacin iyali?

'Yar'uwa, kin tambayi lokacin da za ku sa bikin ƙanwarki don maigidanki, mai buga besbol a Amurka, ya samu zuwa. Ku sa tsakanin tsakiyar Nuwamba da ƙarshen Janairu. A babbar gasarsu wasa 162 kowace ƙungiya ke yi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. Waɗanda suka kai zagayen ƙarshe kuwa sai wajen farkon Nuwamba suke sararawa. Tsakiyar Fabrairu an koma atisaye a Fulorida ko Arizona.

Amma ki fara tambayarsa ko zai buga gasar hunturu. Na ga matasa masu neman gurbi suna wucewa Jamhuriyar Dominika ko Benezuwela daga Oktoba har Janairu, iyali na gida suna ta jira.