Kabad ɗin zallar katako: me ya sa yake tsagewa da hunturu, ƙofofinsa su cije da damina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan koyon kafinta ne a Zariya. An ba ni aikin kabad na zallar katako, tsayi ƙafa 6, faɗi ƙafa 3, mai ƙofa biyu da durowa biyu a ƙasa. Wanda na yi bara ya tsage a gefe da hunturu, da damina ta sauka kuma ƙofofinsa suka ƙi rufuwa. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan tsara wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Tsagewar da cijewar duk ciwo ɗaya ne. Katako ko an sare shi an fere shi bai daina shan laimar iska yana fitar da ita ba. In ya sha ya kumbura, in ya fitar ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, tsayinsa kusan ba ya canzawa. A ƙasarmu ta Arewa abin ya fi tsanani, domin da hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ta haura 70. Allo mai faɗin inci 16 zai iya motsawa da milimita 5 ko 6 tsakanin waɗannan lokuta biyu. In ka ɗaure shi da gam da ƙusa ta kowane gefe, ba shi da inda zai je, sai ya tsage. Fenti da banish suna rage saurin motsin ne kawai, ba sa hana shi.

Saboda haka aikin daga wurin sayen katako yake farawa. Yawancin katakon da ke kasuwanninmu daga dazukan Kudu ake kawo shi, irin su Edo da Ondo da Kuros Riba, kuma sau da yawa da ɗanyensa yake isowa ko da fuskarsa ta yi kamar ta bushe. Ka saye shi da wuri, ka jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, kada rana ta taɓa shi. Ka ɗaga shi daga ƙasa, ka sa siraran sanduna masu kaurin inci ɗaya tsakanin allo da allo, tazarar inci 18, kowace sanda daidai saitin ta ƙasanta, sannan ka danne saman da bulo. Ka shafa fenti a bakin kowane allo, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga take farawa. Allo mai kaurin inci ɗaya yana son wata uku zuwa huɗu na rani. In kana da na'urar auna danshi, ka nemi kashi 8 zuwa 10. In babu, ka yanki guntu daga tsakiyar allo ɗaya kana ɗora shi a sikeli duk mako. In ya yi mako biyu nauyinsa bai ragu ba, ya yi.

A wajen zaɓi, iroko ya fi zama lafiya, motsinsa kaɗan ne kuma gara ba ta cika damunsa ba. Sai dai ƙurarsa tana harzuƙa hanci da ƙirji, dole ka rufe hanci, kuma yana da maiƙo, sai ka goge wurin haɗi da tina kafin ka sa gam. Maɗaci yana da kyan ja, yana kuma karɓar banish sosai, amma zarensa a sarƙe yake, in kaifin kayan aikinka ya dushe zai yayyage maka fuska. Obece mai laushi ne, ƙwaro na sonsa, bai dace da jikin kabad irin wannan ba. Kowanne ka zaɓa, ka yanke farin gefen nan da ke kusa da ɓawo ka jefar. Shi ne ƙwaro yake huda yana zubo da gari.

Yanzu tsarin, wanda shi ne zuciyar amsar. Kada ka yi gefen kabad ko ƙofarsa da faffaɗan allo guda. Ka yi firam, ka sa allo a cikinsa yana sake. Sandunan firam na tsaye su zama faɗin inci biyu da rabi, na sama inci 3, na ƙasa inci 4, kaurinsu kamar milimita 22 bayan an goge. Tunda ba su da faɗi, motsinsu ba ya kai ya kawo, don haka girman ƙofar kusan ba ya canzawa. A cikin bakin firam ɗin ka fitar da kwarmi mai faɗin milimita 6, zurfin milimita 12. Allon tsakiya ka fere bakinsa ya shiga kwarmin, amma ko ɗigon gam kada ya taɓa shi. Nan ne masu koyo da yawa suke faɗuwa: suna ganin allon yana ɗan motsi sai su ɗauka rauni ne, su cika kwarmin da gam. In kana gudun ya riƙa ƙara, ka kafa siririyar ƙusa guda a tsakiyar sama da guda a tsakiyar ƙasa ta baya; zai tsaya a wurinsa, ya kuma samu damar buɗewa hagu da dama.

Sararin da za ka bari ya danganta da watan da kake aikin. In da hunturu ne, katakon yana kan iyakar tsukewarsa, sai ka bar milimita 3 a kowane gefe cikin kwarmin domin kumburin damina. In da damina ne, milimita ɗaya ta isa, tunda tsukewa zai yi nan gaba. Haka ma tazarar ƙofa da jikin kabad: milimita 2 zuwa 3 da rani, ɗaya da rabi da damina. Kuma ka shafa wa allon launi da banish kafin ka haɗa firam, in ba haka ba ranar da ya tsuke za a ga farin layi a bakinsa.

Kusurwoyin firam su zama haɗin mace da namiji, wato rami da harshe. Kaurin harshen kashi ɗaya cikin uku na kaurin sandar, tsayinsa inci ɗaya da kwata. Ya shiga da bugun tafin hannu ko ɗan taɓin gudumar katako. In sai da ƙarfi zai fasa ramin, in kuma yana lilo gam ba zai cike giɓin ba. Ka haɗa komai babu gam tukuna ka ga zamansa. Ranar sa gam ka yi da sassafe, domin da zafin rana farin gam kan fara kamawa cikin 'yan mintoci. Da ka matse, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba firam ɗin ya karkace, sai ka gyara zaman matsin nan take kafin gam ya bushe.

Ƙofa mai tsayi sama da ƙafa 4 tana son hinji uku. Ka huda wa kowane sukuru ƙaramin rami kafin ka ɗaura, musamman a iroko, don kada ya karye a ciki. Kantocin ciki su kai kaurin milimita 20, kuma tunda faɗin ƙafa 3 ne, in tangaran ko littattafai za a ɗora, ka manna sanda mai faɗin inci ɗaya da rabi a bakin gaba don kada su lotsa. Saman kabad ɗin faffaɗan allo ne, shi ma kada a manne shi. A ɗaure shi ta ƙasa da sukuru a ramuka masu ɗan tsawo, yadda zai iya zamewa. A baya da gindin durowa, falawud mai milimita 6 ya fi, kuma ba abin kunya ba ne a aiki mai daraja, domin ba ya motsi, yana kuma riƙe kabad ɗin a miƙe. Gefen durowa ka rage masa milimita 2 daga tsayin gurbinsa, ka goga kyandir a inda yake zamewa.

Ka yi masa ƙafafu na inci 4 domin ruwan shara da gara, a kuma bar ɗan sarari tsakaninsa da bango. Kabad mai tsayin ƙafa 6 a gidan da ke da yara ya kamata a ɗaure samansa da bango.

Wajen gogewa ka bi samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 80, 120, 180, sannan 220, kullum ta bin zaren katako. Ka shafa banish ciki da waje daidai wa daida, shafi uku marasa kauri, kana ɗan gogewa tsakaninsu. In fuska ɗaya kawai ka shafa, ɗayar za ta fi shan laima, ƙofar ta bauɗe. Da hunturu ka yayyafa ruwa a daɓen shago kafin shafi domin ƙura ta kwanta. Da damina kuma kada ka yi feshin banish ranar da hadari ya haɗu ko bayan an ɗauke ruwa, domin laima na sa fuskar ta yi fari-fari kamar hazo. Ka jira rana ta buɗe.