Zama gwamnan makaranta a Ingila, me aikin ya ƙunsa?

Hajiya kin ce makarantar yaranki a nan Ingila ta turo takarda ana neman uwa ko uba ya shiga kwamitin gwamnoni, kina son sanin aikin da kuma ko ana biya. To babu ko sisi, aikin sa kai ne, iyaye ne za su zaɓe ki kuma yawanci shekara 4 ake yi, kuma dole a yi miki binciken DBS, wato a duba ko mutum na da tarihin aikata laifi, saboda harka ce ta yara.

Ba koyarwa za ki yi ba, ba kuma ke za ki gudanar da makaranta ba, wannan na hedimasta ne. Naku shi ne sa ido, ku duba ina kuɗi ke tafiya, ku tambayi hedimasta me ya sa sakamakon lissafi na aji shida ya faɗi, in kujerarsa ta zama babu kowa ku ne za ku ɗauko sabo. Ana zama aƙalla sau 3 a shekara, galibi da yamma, amma takardun da ake turowa kafin zama wallahi suna da yawa sai kin ware dare kin karanta da shayinki a gefe.

Abin da ya fi min nauyi zaman korar yaro ne, uwarsa na zaune gabanki ido ya yi ja, ku kuma dole ku bi hujja. Ni dai ina ganin ki shiga, namu ba su da yawa a wajen, kuma ranar da aka kawo maganar abincin halal ko hutun Sallah gara akwai wanda ya san abin a teburin.