Uwar da ke tuƙa tuwo ba za ta karanta maka tarihin makaranta ba

Kai yaro, ka ce in gaya maka yadda ake fulayar WhatsApp da iyaye za su tsaya su duba, tunda wadda ka yi wa masu darasin hutu ko mutum ɗaya bai kira ba. Na ga aikin naka. Launi bakwai, salon rubutu biyar, balan-balan a kowane lungu. Ku yaran yanzu da kun buɗe manhajar zane ta Canva kun ɗauko abin da wani ya zana a Amurka kun sauya suna, shi ke nan kun zama gwanaye. Mu da manhajar CorelDRAW muka koya, kowane layi da hannunmu muka ja shi, janareta na ƙara a bayanmu.

Tambayar nan taka ta tono mini wani mai makarantar kuɗi da har yau in na tuna shi raina ɓaci yake. A watan Agustan 2019 ne, ana shirin komawa makaranta a Satumba. Ya shigo shagon nan da babbar riga, ya ce yana son fulayar ɗaukar sababbin ɗalibai da fileks biyu, wato manyan banoni, na bakin ƙofa. Na yi masa aiki mai tsabta: sunan makaranta, hoton aji guda mai haske, "An fara sayar da fom" da manyan baƙaƙe, ranar rufewa, kuɗin fom, unguwa da kwatance, lambar waya ɗaya. Na tura masa ya gani ba tare da na shimfiɗa tambarin shago a kai ba. Ko kafin alƙalami ban karɓa ba, don na ga furfura, kuma yana ta kirana "ɗana".

Washegari sai ga shi, wai aikin ya yi fayau kamar ba a sha wahala ba. A sa hotonsa. A sa tarihin kafa makarantar, da takenta, da azuzuwa tun daga nazare har SS3, da tambarin WAEC da NECO, da lambobi huɗu har da ta ƙaninsa. Na ce, "Alhaji, wadda za ta ga wannan tana tuƙa tuwo ne, goyo a baya, waya a hannun hagu. Uban kuma yana cikin Adaidaita Sahu ko yana ciniki a kasuwa. Kallo ɗaya za su yi, babban yatsa ya wuce." Ya ce ai kuɗinsa ne. Kwana biyu ina cusa rubutu har sai da ya koma kamar ƙwayar gero. Fileks ɗin ma da kuɗin aljihuna na buga.

Bayan mako biyu na nemi haƙƙina, ya ce ba wanda ya kira, aikina ba shi da albarka. Daren nan uwargidana ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Wannan ba hannunka ba ne?" Fulayar farko ce, wadda ya raina, tana yawo a guruf ɗin matan unguwa, ana ta tambayar ko fom ya rage. Ashe da ta biyun ta ƙi ci, sai ya koma ya saki ta farkon bai gaya mini ba. Sau uku ina zuwa ofishinsa ana cewa ya yi tafiya, ga motarsa a ƙofa. Aka yi ta ja har Maris na 2020, korona ta zo aka rufe makarantu, ya samu abin fakewa. Naira 38,000, gumina da jarina. Ban yafe ba.

To ka ji. Batun daidaita gefe da jera rubutu ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma share shago. Abin da uwa ke nema shi ne mene ne, yaushe, a ina, nawa, wa za ta kira. Nawa ɗin nan shi masu makaranta ke ɓoyewa, su ce "a kira don ƙarin bayani". Uban da ke da 'ya'ya biyar ba zai ƙona katinsa don ya ji farashi ba. Ka matsa musu su rubuta, ko na fom ne kaɗai.

Kada ka yarda da babban allon kwamfutar nan, ruɗi ne. Ka tura aikin zuwa ƙaramar Itel mai fasasshen gilashi, ka fita rana ka duba. WhatsApp na matse hoto, siririn rubutu narkewa yake. Na sitatus ka yi shi a tsaye, faɗi fiksel 1080, tsawo 1920, ka bar sarari sama da ƙasa. Na guruf ka yi mai tsawo da faɗi daidai. Wannan QR da ka liƙa, ɗan akwatin zanen da ake ɗauka da kyamarar waya, kuma fa? Mutum na kallon hoton a wayarsa, da wace wayar zai ɗauke shi? Ka rubuta lambar waya a ƙasan saƙon inda za a taɓa ta ta kira.

In da Hausa za ka rubuta, kuma ina so ka riƙa yi, ka tabbatar salon rubutun na da ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin masu ado ɗin nan da kuke so ba su da su, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma, ko "baƙi" ya koma "baki". Hoton ɗan mutane kuwa kada ka sa sai iyayensa sun yarda. Ka gaya wa masu aikin su saki bayan sallar isha'i, lokacin da gida ya lafa, su bi shi da gajeren saƙon murya, don akwai uwayen da sauraro ya fi musu sauƙi.

Tashi ka goge balan-balan ɗin nan, ka bar launi biyu da lamba ɗaya, ka kawo mini kafin la'asar. Kuma kada hoton ya fita daga shagon nan sai da tambarinmu kwance a tsakiyarsa, rabin kuɗi na cikin aljihunka.