Na canza fitilar kicin, yanzu ta ƙi mutuwa, kuma ina danna makunni sai breka ta faɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, dan Allah a taimaka min da shawara. Fitilar kicin ɗina irin doguwar nan ce mai coka da sitata, ta tsufa tana ta kifce-kifce, shine na siyo ta LED nace bari in sa da kaina. Da na sauke tsohuwar sai naga kebul uku ne suka fito daga silin, kowanne da waya ruwan ƙasa, da shuɗiya, da koriya mai ratsin rawaya. Gaskiya ban yi wa komai alama ba. Na haɗa ruwan ƙasa duka a wajen da aka rubuta L, shuɗi duka a N, koren kuma a wajen at, wato ramin wayar kariya mai kai yoyon wuta ƙasa. Ina mayar da wuta fitila ta kama tas, amma ta ƙi mutuwa, kuma da na danna makunni sai inji fat! breka ta faɗi. Na gwada ya fi sau uku. Fitilar ce jabu ko makunnin ne ya lalace?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kafin mu je ko'ina dan Allah ka daina danna makunnin nan, ka je ka sauke brekar ka barta a sauke har sai an gyara. Fitilarka lafiyarta ƙalau, tunda gashi ma tana kamawa. Matsalar tana cikin haɗin da kayi ne, kuma kuskure ne da kusan duk wanda ya sauke fitila bai yi alama ba yake faɗawa, saboda ido yana cewa ruwan ƙasa da ruwan ƙasa, shuɗi da shuɗi, shikenan an gama. To ba haka bane. A cikin shuɗayen wayoyin nan uku, ɗaya ba nutural bace, layif ce. Layif (L) ita ce mai kawo wuta, nutural (N) kuma ita ce mai mayar da ita.

Ga yadda abin yake. Kebul ɗin farko shi ya kawo wuta, ko daga akwatin breka kai tsaye ko daga wata fitilar da ke kafin taka. Na biyu shi yake wucewa da wutar zuwa fitila ta gaba, misali ta sito ko ta koridor, domin fitilun gida yawanci a jere ake jona su a layi ɗaya. Na ukun shine wanda ya bi bango ya sauka zuwa makunni. Shi wannan na ukun babu nutural a cikinsa ko kaɗan, don makunni na gama-gari baya buƙatar nutural, aikinsa kawai ya yanke layif ko ya haɗa ta. Saboda haka ruwan ƙasar da ke cikin kebul ɗin ita take kai wuta ƙasa wajen makunni, in ka danna sai wutar ta biyo shuɗiyar ta dawo sama ta shiga fitila. Tunda kebul ɗin da launinsa yake zuwa daga kamfani, dole aka ari shuɗiyar aka bata wannan aikin. A ƙa'ida mai wayarin zai zura mata 'yar roba ruwan ƙasa ko ya naɗa mata salatif don a gane layif ce, amma da yawa basa yi, wasu kuma sun yi amma robar ta zame ta faɗi lokacin da ake cire tsohuwar fitila. Ka duba ƙasa wajen da kayi aikin ma, ba mamaki ka tsince ta.

Yanzu ka kalli abin da haɗinka ya jawo. Ka sa ruwan ƙasa duka a L na fitila, kenan fitilar tana shan wuta kai tsaye daga layin da baya yankewa, makunni baya kan hanyarta sam, shi yasa ta ƙi mutuwa. Sannan wayar da ke dawowa daga makunni ka haɗa ta da nutural. Duk sanda ka danna makunni kana haɗa layif da nutural ne baki da baki ba komai a tsakaninsu, wannan ƙarar fat ɗin da kake ji kenan. Kuma don ka tabbata ba nauyi ne ya yi wa brekar yawa ba: fitilar LED mai wat 18 akan wuta bolt 230 ko kashi ɗaya cikin goma na amfiya bata ja, brekar fitilu kuwa yawanci amfiya 6 ce ko 10, kuma irin wadda aka rubuta B6 a jikinta bata faɗuwa nan take sai wutar da ta bi ta cikinta ta kai ninki 3 zuwa 5 na lambarta, wato amfiya 18 zuwa 30. In breka ta faɗi a daidai lokacin da yatsanka ya taɓa makunni, wayoyi ne suka haɗu, ba wani abu ba.

Gyaran shine ka gano wanne ne kebul ɗin makunni cikin ukun. Amma tsaya tukuna muyi maganar kashe wuta, don anan ne mutane ke jin rauni. Kashe makunnin bango ba kashe wuta bane, a irin wannan wayarin ruwan ƙasar da ke silin da wuta a jikinsu ko makunni na kunne ko na kashe. Ni na fi son a sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya, ba brekar fitilu kaɗai ba, saboda ƙaramar breka layif kawai take yankewa, nutural tana nan a jone, kuma akwai gidajen da aka aro nutural daga wani layin daban, kana ware wayoyi sai kaji ta ja ka alhali ka rantse ka kashe. In akwai inbata ko sola ko janareta a gidan shima a kashe shi, don fitilu su ne abin farko da ake ɗorawa akan inbata. Ka faɗa wa mutanen gida kada wanda ya taɓa akwatin, in da hali ka manna salatif akan brekar. Sannan ka gwada wayoyin da mita, wato multimita, na'urar hannu ta auna wuta, ba da sukudireban testa mai ɗan kwai a ciki ba. Wannan testar bana yarda da ita wallahi, da rana tsaka ba a ganin haskenta sosai, in kana kan tsani na katako ko takalmin roba tana iya ƙin kamawa alhali akwai wuta, wani lokacin kuma ta kama akan wayar da ba komai. Ka fara gwada mitar a soket mai wuta kafin ka kashe, ka tabbata tana aiki, sannan ka gwada wayoyin silin bibbiyu: ruwan ƙasa da shuɗi, ruwan ƙasa da kore, shuɗi da kore.

In ka tabbata ba wuta, sai ka kwance duk haɗin, ka ware wayoyin kowacce ita kaɗai kar su taɓa juna, amma ka riƙe wacce ta fito daga wane kebul. Ka juya multimita zuwa wajen da take ƙara in ka haɗa bakunanta biyu. Ɗauki kebul ɗaya, baki ɗaya akan ruwan ƙasa, ɗaya akan shuɗiya, ka sa wani ya tsaya wajen makunni yana kunnawa yana kashewa. Kebul ɗin da mita tayi ƙara in an kunna, tayi shiru in an kashe, shine na makunni. Nan take ka naɗa wa shuɗiyarsa salatif ruwan ƙasa ko ja, kar ka ce sai anjima. Wani kebul ɗin zai iya nuna maka wata lamba ko ma yayi ƙara idan akwai fitila a kunne a wani ɗakin da yake ciyarwa, kar wannan ya ruɗe ka, abin da kake nema shine wanda yake canzawa daidai da danna makunnin kicin. Ko da makunni biyu ne ke kunna fitilar, ɗaya a kowace ƙofa, gwajin ɗaya ne, kowanne aka danna zaka ji canji.

To idan babu kebul ɗin da ya canza fa? Anan ne maganar makunninka ta shigo. Ka haɗa layif da nutural ta cikinsa fiye da sau uku, kowane karo tartsatsi ne a kan 'yan ƙarafan da ke ciki, ko su narke su manne ya zama kullum a kunne, ko su ƙone ya daina haɗawa. Buɗe shi daga bango, cire wayoyin biyu, ka haɗa su da hannu ka raba kana sauraron mita daga sama, zaka gane kebul ɗin. Ni dai ko gwajin ya nuna yana aiki canza shi zan yi, don makunnin da ya ƙone a ciki yana iya aiki yau, bayan wata biyu ya fara zafi yana ƙauri. In zaka canza, ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance ko sukuru ɗaya. Makunni na hanya ɗaya wayoyi biyu ne, a ramukan da aka rubuta COM da L1. Na hanya biyu, wato wanda ake sawa in makunni biyu ne ke kunna fitila ɗaya, yana da COM, L1 da L2, kuma wayar da ke COM ita ce wadda in ka sa ta a wani ramin zaka ga fitila tana aiki ne kawai in ɗaya makunnin yana wani ɓangare.

Haɗin da ya dace kuwa ga shi. Ruwan ƙasa ukun nan duka ka haɗa su waje ɗaya a kwanekta tasu daban, kuma ba zasu taɓa fitilar ba sam, nan ne mutane ke mamaki. Tsohuwar fitilarka akwai ramin da aka tanada don wannan, sababbin LED da yawa L da N da at kawai suke zuwa da su, saboda haka sai ka nemo kwanekta guda ta ƙari, ko mai sukuru ko irin mai maɓalli ta Wago. Shuɗiyar da ka yi wa alama ita kaɗai zata shiga L. Sauran shuɗi biyun su shiga N tare. Koraye ukun duka a wajen at. Kar ka murɗe wayoyi ka naɗe da salatif ka cusa cikin silin, a kicin musamman, zafi da tururi suna sa gam ɗin salatif ya saki. Bayan ka ɗaure kowacce ka ɗan ja ta da hannu, in ta zame ka sake, kuma kar jan ƙarfe ya leƙo waje da kwanekta. Waya mai sako-sako ita ce ke kawo kifce-kifce da zafi, kuma breka bata faɗuwa saboda ita, haka zata yi ta cin roba a hankali.

Maganar at kar ka raina ta. In jikin fitilar ƙarfe ne dole a haɗa. In ka ga alamar murabba'i biyu ɗaya cikin ɗaya a jikinta, wannan bata buƙatar at, amma duk da haka kar ka yanke korayen, ka haɗa su da juna a kwanekta, domin ta nan at ɗin ke wucewa zuwa fitilun gaba da kuma makunni. Kuma tunda kicin ne, in fitilar tana kusa da inda tururi ke tashi gara rufaffiya mai lamba IP44 ko sama (lambar da ke nuna yadda take jure ruwa da datti), maiƙo da danshi suna kashe buɗaɗɗun da wuri.

Ga masu karatu da launin wayarsu ba irin na mai tambaya bane: tsohon tsarin Ingila ja ne layif, baƙi nutural, kafin su koma ruwan ƙasa da shuɗi tsakanin 2004 da 2006, kuma gidaje da yawa a ƙasashen da suka bi tsarinsu har yanzu ja da baƙi ne, to a nan ɗaya daga cikin baƙaƙen ce zata zama mai dawowa daga makunni. A Amurka baƙi ne layif, fari nutural, wutarsu bolt 120, kuma can ma a tsofaffin gidaje ana samun farar waya tana ɗauke da wuta a kebul ɗin makunni. Wanda kuma gidansa wayoyi ɗai-ɗai aka zura cikin faif, sau da yawa a akwatin makunni ake yin haɗin, sai ya tarar da waya biyu ko uku kacal a silin, nashi ya fi sauƙi, amma shima ya gwada kar ya dogara da launi, don mai wayarin in jar waya ta ƙare masa wani lokacin da wacce ta rage yake ƙarasawa.

Abu ɗaya da zaka iya gani bayan ka gama: ka kashe fitila amma da daddare ka ga tana ɗan haske dishi-dishi. LED wuta kaɗan take buƙata, don haka makunni mai ɗan kwai a jikinsa ko dogayen wayoyin makunni biyu da suka jeru tare suna iya jawo haka, wannan ba abin tashin hankali bane. Wanda ke da haɗari shine idan makunni nutural yake yankewa maimakon layif, fitila zata kunnu ta mutu daidai amma wuta na nan a jikinta kullum, mai canza kwai yana iya shan shokin. Ana gane shi ta auna tsakanin L na fitila da at alhali makunni na kashe, in mita ta nuna cikakkiyar wuta to an juya. Wannan gwaji ne da wuta a kunne, in hannunka bai saba ba bar wa mai aikin.

Haka kuma ka kira ƙwararren mai wayarin idan ka ga robar wayoyin tayi baƙi ko tana marmashewa in ka lanƙwasa, ko ka ga babu at a silin alhali fitilar ƙarfe ce, ko ka gama haɗin daidai amma breka ta ci gaba da faɗuwa. In wadda ke faɗuwar mai maɓallin gwaji ce da aka rubuta 30mA, wato RCD, to ita ba haɗuwar layif da nutural take kamawa ba, yoyon wuta zuwa ƙasa take ji, sai a duba ko sukurun da ka ɗaure fitilar da shi ya huda waya, ko shuɗiya ta taɓa koriya ko jikin ƙarfen lokacin da kake tura su ciki.