Rubutun soshiyal midiya zai taimaki masu jinyar cutar mantuwa?

Malama, kin tambaya ko abin da mutane ke rubutawa a Twitter (wanda yanzu ake kira X) da Facebook zai amfani 'yan asalin Latin Amurka da ke jinyar iyayensu masu cutar mantuwa a Amurka. Zai amfane su, amma da iyaka.

Ƙungiyar Alzheimer's Association, mai yaƙi da cutar mantuwa a Amurka, ta ce haɗarin kamuwa da cutar a cikin tsofaffinsu ya kai ninki ɗaya da rabi na fararen fata. Kuma jinyar galibi a gida ake yi, don kai tsoho gidan kula da tsofaffi abin kunya ne a wurin da yawansu. 'Yar da ta kwana tana gadin ƙofa kada mahaifiyarta ta fice, ba lallai ta faɗa wa likita ta gaji ba, amma ƙarfe uku na dare za ta iya rubutawa a waya da Sifaniyanci. Masu bincike a Jami'ar Columbia da ke New York sun tattara irin waɗannan saƙonni na Twitter, kwamfuta ta tace su, don a gane damuwarsu a kuma tsara saƙon da zai shige su.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wanda jinya ta fi ci ba shi da lokacin rubutu. Hirar iyali ta gaskiya kuwa a WhatsApp take, a rufe. Sannan a 2023 Twitter ya sa kuɗi mai tsada kan ɗibar bayanai irin wadda masu bincike ke yi. Ni dai na fi yarda a haɗa da zama da masu jinyar baki da baki.