Diril nawa ke isar mai injin sassaƙar ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Bana maigidana ya yaye ni, na buɗe 'yar rumfa a Jekadafari cikin Gombe da tsohon injin sassaƙar ƙarfe. Yawancin abin da ake kawo mini fuli ne na injin niƙa da gidan boris. Jarina kaɗan ne. Shin sai na sayi diril da rima na kowane awo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a rumfar.

Kada ka sayi akwatin diril. Aikin diril buɗe hanya ne kawai: yakan kauce daga tsakiya, ramin kuma yakan ɗara awonsa. Rima kuwa, wato ƙarfen da ke goge cikin rami bayan diril, ramin da ta tarar take bi, in karkatacce ne haka za ta goge shi ta bar maka. Mai fitar da awo, ta daidaita rami da tsakiyar ƙarfe, ita ce sandar borin, wadda ke sassaƙe rami ta ciki. A kanta za ka sa kuɗinka.

Diril uku sun isa: ƙaramin nan na alamar tsakiya, sai mai milimita 13, wanda nan ne iyakar yawancin cok, wato bakin da ke damƙe diril, sai mai 25. Shi na 25 gindinsa tsukakke ne, kai tsaye yake shiga telsitok, wato ɓangaren ƙarshen injin da ke riƙe diril, don haka duba ko awon ramin telsitok ɗin injinka MT2 ne ko MT3 kafin ka biya. Sandar borin biyu: siririya mai kaurin 10 da za ta shiga ramin 13, da mai kaurin 20 don ramin 25.

Ɗauki misalin gidan boris mai lamba 6204, boris ɗin da faɗin bayansa milimita 47 ne. Sa alamar tsakiya, huda da 13, bi da 25 a gudun da bai wuce juyi 300 a minti ba, kana zuba mai, kana janyewa dusar ƙarfe ta fita. Sai sandar 20 ta ci har 46.5. A nan ka dakata ƙarfen ya huce. Na sha ganin yaro ya auna da zafi, aiki ya huce, ramin ya tsuke, boris ya ƙi shiga, ya koma yana dukansa da guduma, abin yana ɓata mini rai ƙwarai. Bayan ya huce ka auna, ka ci saura kaɗan-kaɗan, ka maimaita cin ƙarshe ba tare da ƙara komai ba, domin sanda takan ɗan lanƙwashe.

Kada tsawon sandar da ya leƙo ya wuce kaurinta sau 4. Mai 20, iyakarta 80. Da ta wuce za ka ji tana kuka, cikin ramin ya fito da zane-zane.

Rima sai ga ƙaramin rami mai zurfi, ƙasa da milimita 12, inda sanda ba ta shiga. Ita ma bari sai aikin ya zo, ka sayi ta wannan awon kaɗai.