Tambayoyinku Kan Fasaha: A Kwali An Rubuta Gigahaz 2, Waya Kuma Tana Zaune A 300

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi waya sabuwa fil, a jikin kwalinta an rubuta 2.0 GHz. Abokina ya sa min wata manhaja mai nuna aikin furosesa, sai na ga a cikin awa biyar da 'yan mintuna, minti 15 kacal ta yi a wannan gudun, awa huɗu cur tana kan 300 MHz. Anya ba sakiyar da ba ruwa aka yi min ba? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba wanda ya cuce ka. Da ma ka ga akasin haka, wato waya ta wuni a ƙololuwar gudunta, shi ne zan ce ka koma wurin mai shago tun kwali bai yage ba.

Lambar da ke jikin kwali, 2.0 GHz wato 2000 MHz, iyakar gudun furosesa ce (ƙwaƙwalwar waya kenan), kamar 180 ɗin da ke ƙarshen agogon mota. Direba ba ya bin cikin kasuwa da ita. Furosesa tana da matakan gudu kamar giyar mota, kuma akwai wanda ke canza mata giyar. Wayar Android a kan kanel ɗin Linux take tafiya, wato ginshiƙin manhajar da ke tsakanin ƙarfen waya da sauran manhajoji. A cikin kanel akwai sashe mai suna cpufreq, shi ke ɗagawa da sauke gudu. Ƙa'idar da yake bi wajen yanke hukunci kuwa, masu abin da kansu "gwamna" suke kiranta. Akwai gwamna performance da ke ɗaure furosesa a sama, akwai powersave mai danne ta a ƙasa, akwai ondemand, sai schedutil da ya shigo a Linux 4.7 a shekarar 2016, wanda shi ne a wayoyi da yawa yau. Wannan gwamnan dai ba ya neman tazarce, mai waya da ke da izinin rut, wato cikakken iko a kan manhajar wayarsa, yana iya tsige shi da layin umarni ɗaya.

To, manhajar abokin naka ba ita ta auna komai ba. Rajista ta leƙa ta kwafo maka. Kanel yana riƙe da ɗan kundi, kamar littafin bashin mai shago: duk lokacin da aka canza giya, sai ya duba agogo, ya rubuta tsawon lokacin da aka yi a giyar da aka baro, ya ƙara ɗaya a lissafin canji. Injiniyoyin Intel biyu, Venkatesh Pallipadi da Zou Nan hai, su suka rubuta asalin wannan yanki sama da shekara 20 da suka wuce. Kundin yana nan:

/sys/devices/system/cpu/cpu0/cpufreq/stats/

Fayil ɗin da ya shafe ka shi ne time_in_state. Idan ka buɗe na wayarka, bisa abin da ka faɗa min, za ka ga wani abu mai kama da haka:

300000 1440000
1200000 360000
2000000 90000

Lambar hagu gudu ce a kilohaz, don haka 300000 ita ce 300 MHz ɗinka. Ta dama lokaci ce, amma a nan mutane ke zamewa: ba daƙiƙa ba ce, kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ce. Raba ta da 100. Kenan 1440000 ta zama daƙiƙa 14,400, awa huɗu. 360000 awa ɗaya. 90000 kuma daƙiƙa 900, minti 15 ɗin da ya tayar maka da hankali. Na taɓa ganin wanda ya ɗauke ta a daƙiƙa kai tsaye, ya fito da lissafin cewa wayarsa ta yi kwana goma sha shida a kunne alhali jiya ya kunna ta.

Me ya sa take son zaman ƙasa? Wuta. Wutar da furosesa ke sha tana hawa da gudu, amma ta fi hawa da ƙarfin lantarkin da ake tura mata, domin shi ninkin kansa yake yi a lissafin. Ɗaga shi daga bolt 0.8 zuwa 1.0 kaɗai yana ƙara cin wuta da fiye da rabi, kafin ma a sa ƙarin gudun a ciki. Kuma ba a kai wa matakan sama sai an ɗaga shi. Shi ya sa giyar ƙarshe ta fi kowace tsada. Karanta saƙon WhatsApp ba ya buƙatarta. Buɗe kyamara ko shafi mai nauyi yana buƙata, na ɗan ƙiftawar ido, sai a sauko.

Abu biyu ka riƙe game da kundin nan. Na farko, yana rubuta giyar da aka sa ne, ba ya rubuta ko motar tana tafiya. A cikin awa huɗun nan, mafi yawa furosesa hamma kawai take yi, ba aikin fari ba na baƙi. Na biyu, lokacin da waya ta yi barci mai nauyi a aljihu ba ya shiga ciki sam. Manhajoji irin su CPU Spy da kansu suke ciro shi, ta hanyar debe lokacin farke daga jimillar lokacin da waya ta yi a kunne. Wanda batirinsa ke zuba da daddare, wannan layin barcin zai duba. Idan ya kwana da waya a ajiye amma barcinta bai kai ko awa ɗaya ba, akwai manhajar da ke hana ta runtsawa.

Tambaya: Malam, ɗaliba ce ni a fannin kwamfuta. Na sa Ubuntu a laftof ɗina mai furosesar Intel, na bi adireshin da ake faɗa, amma babu foldar stats kwata-kwata. Na lalata wani abu ne? Daga Zariya.

Amsa: Ba ki lalata komai ba ƙanwata. A cikin foldar cpufreq ɗin, karanta fayil mai suna scaling_driver. Ina kyautata zaton intel_pstate za ki gani, wato direban da ke sarrafa gudun furosesar Intel a cikin kanel. Kundin da muke magana yana buƙatar jerin matakai ƙayyadaddu, kowane da layinsa. Shi kuwa intel_pstate, wanda ya shigo tun 2013, ba ya ba kanel irin wannan jeri. Daga furosesoshin Skylake na 2015 ma, ita furosesar da kanta take iya zaɓar gudunta, kanel iyaka kawai yake gindaya mata sama da ƙasa. Wanda ba shi ya canza giya ba, me zai rubuta?

Idan don darasi kike son ganin kundin, ki tayar da kwamfutar da intel_pstate=disable a layin umarnin da ake ba kanel wajen tashi, tsohon direba acpi-cpufreq zai karɓi aiki, foldar ta bayyana. A nan za ki iya cin karo da wani abin mamaki: mataki biyu a manne, misali 2401000 da 2400000. Ba kuskure ba ne. Wancan mai ƙarin 1000 alama ce ta turbo, ma'ana "an sake mata linzami". Tana iya haura gigahaz 3 a lokacin, kundi kuma 2401000 zai ci gaba da rubutawa. Ni dai a laftof ba na dogara da shi. Turbostat nake amfani da ita, tana cikin kunshin linux-tools. Ita ƙididdigar da ke cikin furosesar take karantawa, APERF da MPERF, ta ba ki ainihin gudun da aka yi a ƙarƙashin Bzy_MHz. Idan kin gama gwajin, ki cire wancan layin.

Tambaya: Ranka ya daɗe, da zafin nan na bazara, in na yi minti goma ina buga gem sai waya ta ɗau zafi ta fara sanɗa. Wannan lissafin zai nuna min dalili? Daga Sakkwato.

Amsa: Zai nuna, in ka iya tambayarsa. Jimillar da ke ciki tun daga kunna waya take taruwa, don haka kallo ɗaya ba zai gaya maka komai ba. Kwafi lambobin kafin ka fara, buga minti biyar, sake kwafa, ƙara minti goma, sake kwafa, sannan ka debe na baya daga na gaba. Mai rut yana iya rubuta 1 a fayil ɗin reset ya share kundin ya fara daga sifili. Abin da nake tsammanin za ka gani: a zangon farko lokaci yana taruwa a matakin sama, a na biyu matakin sama ya tsaya cak, na tsakiya ke ta ƙaruwa, alhali gem ɗin bai rage nauyi ba. Wannan kanel ne ya ji zafi ya yi yawa ya sauke rufin gudu don kada kayan ciki su lalace. A garin da ma'aunin zafi ke haura 40 a watan Afrilu, waya ta riga ta ci rabin hanya kafin ka taɓa ta.

Amma ka duba wurin da ya dace. Wayoyin da furosesarsu ke da kawuna takwas, daga cpu0 zuwa cpu7, kawunan rukuni-rukuni suke: ƙanana masu tsimin wuta, manya masu ƙarfi, kowane rukuni da kundinsa. cpu0 kusan kullum ƙarami ne. Manyan suna can ƙarshe, wajen cpu6 ko cpu7, su ne ke ɗaukar gem, su ake fara dannewa. Wasu kamfanonin sun kulle waɗannan fayiloli, in naka haka ne sai dai ta kwamfuta da adb, manhajar da ke ba wayar Android umarni daga kwamfuta, ko a haƙura. Magani kuwa ba a manhaja yake ba: cire rigar waya, kada ka buga tana caji, nemi inuwa. Masu cewa ka sa gwamna performance, kada ka biye musu, zafin zai riga ka isa.

Tambaya: Na ga total_trans, fayil ɗin da ke ƙirga canjin giya, ya haura miliyan. Yawan canjin nan ba zai cinye furosesa ba?

Amsa: A'a. Ba haƙoran ƙarfe a ciki da za su goge. Gwamna irin schedutil yana iya canza mataki sau da dama a daƙiƙa guda, miliyan kuwa aikin 'yan kwanaki ne. In kana son ganin daga ina zuwa ina ake yawan tsalle, buɗe trans_table: layi shi ne inda aka baro, ginshiƙi inda aka je. Wani lokaci zai ƙi buɗewa ya ce fayil ya yi girma. Hakan na faruwa idan matakan sun yi yawa har teburin ya wuce shafi ɗaya na ma'adana, wanda galibi bayit 4096 ne.